Yadda ake shiga sana'ar ejen tafiye-tafiye, da ramin da sababbin shiga ke faɗawa

Da zarar Rajab ya kama, ka zaga Fagge a Kano ta wajen Wapa, kasuwar 'yan canji, za ka ga sababbin alluna masu hoton jirgi da na Ka'aba. Ka dawo bayan ƙaramar Sallah ka ƙirga nawa ne a buɗe. Na daɗe a wannan sana'a, na ga yara masu kaifin kai sun shigo da jari mai kauri sun fita da bashi da sammaci. Kusan duk rami ɗaya suka faɗa, ni ma na taɓa faɗa masa, don haka a kansa zan fi daɗewa. Batun kama shago da sayen kwamfuta da inji, wannan ba sai na koya maka ba.

Fara da zama yaron wani

Kada ka buɗe naka sai ka yi aƙalla shekara guda a teburin wani. Ana yin kwas, yana kuma da amfani, amma ni ban taɓa ɗaukar yaro don takardar kwas ba. Abin da za ka koya shi ne manhajar da ake bukin da ita, wato riƙe wa fasinja kujera a jirgi: Amadeus ko Sabre ko Galileo. Ni Amadeus nake cewa a koya, don ita na tarar a hannun maigidana kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ka haddace haruffa ukun nan na filayen jirgi: JED Jidda, MED Madina, ADD Addis Ababa, CAI Alƙahira. Ka lura da kyau, Kano KAN ce, CAN kuwa Guangzhou ce ta ƙasar Sin, inda 'yan Kantin Kwari ke zuwa saro kaya. Harafi ɗaya ne tsakaninsu.

Abin da yara ke ƙi shi ne karanta dokar tikiti. Kowane tikiti da tasa: ana mayar da kuɗinsa ko ba a mayarwa, nawa ne canza rana, nawa ne tarar wanda bai zo filin jirgi ba, jaka nawa aka yarda. Mutum biyu na zaune kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya, dokar tikitinsu ta bambanta.

Takardu

Ka yi wa kamfani rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ka shiga NANTA, ƙungiyar ejen-ejen ta Najeriya da aka kafa a 1973. Hukumar NCAA, mai kula da sufurin jiragen sama, ita ma tana yi wa ejen rajista. In Hajji da Umara ka nufa, wato jirgin yawo, sai da lasisin NAHCON, hukumar alhazai da aka kafa a 2006, kuma masu wannan harka suna da ƙungiyarsu, AHUON.

Sai IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya. Kowa so yake ya manna tambarinta a ƙofa. Ita ke ba ka damar fitar da tikiti da kanka, ta tsarin da ake kira BSP: kana sayarwa, ana tara lissafi, ranar da aka tsara ka zuba kuɗin gaba ɗaya, ita ta raba wa kamfanonin jirage. Amma sai an duba littattafan kuɗinka, sai kuma ka kawo lamuni daga banki ko kamfanin inshora, kuma lamunin nan ba kyauta ba ne. Shawarata, ka bar ta tukuna. Ka nemi babban ejen mai IATA, ka zuba kuɗi a wajensa, kana bukin yana fitar maka da tikiti yana cire ɗan abinsa. Shekara biyu a haka ba abin kunya ba ne.

San inda ribar take

A da kamfanin jirgi ke biyan ejen la'ada a kan kowane tikiti. Yanzu yawancinsu sun zaftare ta, wasu ba sa ba da ko sisi. Abincinka yana cikin ladan aiki da kake ɗorawa a kan tikiti, da aikin biza, da ragin da otal ke yi maka in ka kama ɗakuna da yawa, da haɗa tafiyar Umara dunƙule: tikiti, biza, masauki, mota. Wannan na ƙarshe ya fi tsoka, shi ne kuma ya fi karya mutane. Miliyoyi za su riƙa wucewa ta asusunka, naka a ciki ɗan ƙalilan ne. Kayan aro ba ya rufe katara.

Bukin ba tikiti ba ne, kuma naira ba ta jira

Ga ramin. In ka yi wa mutum bukin, kujera kawai aka riƙe masa na ɗan lokaci. Manhaja za ta ba ka lamba mai haruffa shida da wa'adin fitar da tikiti. Wa'adin ya wuce, kujera ta tafi. Ko bai wuce ba, farashin da ka gani da safe ba dole ka same shi da la'asar ba, domin kujeru masu araha ƙidayayyu ne, kuma tikitin ƙasar waje da dala ake lissafa shi kafin a juya shi zuwa naira. Otal na Makka da Madina kuwa da riyal za ka biya, riyal kuma a ɗaure yake da dala, 3.75 a kowace dala ɗaya. Ke nan kana karɓar naira, ana bin ka bashi da dala.

Bayan ƙaramar Sallar 2023 wasu mata na wata Islamiyya suka zo mini, su goma sha takwas, suna son Umarar watan Maulidi. Na buga lissafi, na yanke musu farashi ɗaya da naira, muka yi za su riƙa kawowa kaɗan-kaɗan kamar adashi. Kuɗi na shigowa ina barin su a banki, ina jira su cika in saya gaba ɗaya. Alamu duk sun bayyana, ni ne ban karanta ba. A lokacin, kuɗin kamfanonin jiragen waje sama da dala miliyan 800 sun maƙale a Najeriya, sun janye kujeru masu araha, Emirates ma ta daina zuwa tun Oktoban 2022. Ranar 14 ga Yuni Babban Banki ya saki naira, dalar gwamnati da ke wajen 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki. Tikiti ya tashi. Riyal a Wapa ya riƙa hawa a hankali, kowane mako da sabon farashi.

Na kira shugabarsu na fara yi mata bayanin canji. Ta bari sai da na gama, ta ce, "Malam, mu dai abin da ka faɗa mana shi muka tara. Akwai wadda ta sayar da akuyoyinta. Wace dala kuma?" Na ce, "Haka ne, Hajiya." Gaskiyarta ce, rasit ɗina na hannunta, babu inda na rubuta farashi zai iya canzawa. Fili na sayar na cika. Sun je sun dawo lafiya, har da tsarabar dabino.

Tun daga nan ga yadda nake yi, kai ma haka za ka yi. Duk farashin da na faɗa na ranar ne kawai, kuma a rubuce yake a jikin rasit, da Hausa, mai kuɗi ya sa hannu. In ana biya kaɗan-kaɗan, abin da aka kawo yau, yau nake mayar da shi riyal ko dala, ko in tura wa otal kafin alƙalami. Naira ba ta kwana a wajena da sunan tafiyar da ba a yi ba. Asusun kuɗin mutane daban, na shago daban, kuma kuɗin wannan ayari ba ya toshe ramin wancan. Masu yin haka suna tsira sau ɗaya, sau biyu, ranar da sabon ayari ya yi jinkirin zuwa sai asiri ya tonu.

Kada kuma ka fitar da tikiti bashi. Za a kira ka a ce, "Haba ɗana, ni ne fa, fitar kawai, da yamma yaro zai turo." Ka ce, "Ranka ya daɗe, na riƙe maka kujera zuwa ƙarfe huɗu, da kuɗi sun shigo zan fitar." Ranar zuba kuɗin BSP babu ruwan kowa da cewa Alhaji bai turo ba, in ka gaza a rufe ka. Saƙon banki da aka nuna maka a waya ma ba kuɗi ba ne, sai ka buɗe asusunka ka gani da idonka. Wata dabarar da yara ke yi, su soke bukin su sake yi, su soke su sake, don tsawaita wa'adi. Kamfanin jirgi na gani, takardar tara za ta biyo baya, da dala.

Suna da fasfo

Ba a bukin da baki. A turo hoton fasfo, ka kwafe harafi bayan harafi. Mu nan Muhammad ɗaya yana da rubutu ya fi biyar: Mohammed, Muhammed, Muhammadu, Mohd. Haka Aisha da Aishatu. Abin da ke fasfo shi ne sunansa, ko da bai yi maka daɗi ba. In ka gano kuskure a ranar da ka fitar da tikiti, galibi kana iya soke shi kafin sha biyun dare ba tare da asara ba. Gari ya waye, sai roƙo da tara. Ka duba fasfon yana da sauran aƙalla wata shida, ka tambayi katin allurar shawara, mai zuwa Saudiyya kuma har da ta sanƙarau.

Sauran

Otal, kada ka sayar da wanda ba ka taɓa takawa daga ƙofarsa zuwa Harami ba. "Kusa da Harami" a bakin dillali na iya zama tafiyar rabin awa ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, araha kuma ba ta ado. Goman ƙarshe na azumi ka kama ɗaki tun da wuri ko ka haƙura da ita bana. Biza, ofishin jakadanci ke bayarwa, kai takardu kawai kake haɗawa, don haka kalmar "tabbas" kada ta fito bakinka. Wanda ka ga take-takensa na zama takari ne, ka mayar masa da kuɗinsa, domin in ya ƙi dawowa wakilinka na Saudiyya za a ci tara, shi kuma kanka zai juyo. Kuɗin tikitin da aka fasa yana ɗaukar makonni kafin ya dawo, ka faɗa wa mai shi tun ranar farko. Talla kuwa, ni ban taɓa biyan ko kwabo ba, hoton ayari a WhatsApp da bakin waɗanda suka dawo sun ishe ni. Ka riƙe layi ɗaya da ba ya mutuwa, don jirgin da zai bar fasinjanka a Addis Ababa ƙarfe biyun dare yake yin haka.