Yadda za ka ɗebe wa tsofaffinka kewa lokacin kullen annoba

Duk wanda ya ga kullen korona a Kano cikin Afrilun 2020 ya san abin ba wasa ba ne, an rufe masallatai da kasuwanni, azumi ya shigo babu asham a jam'i babu zuwa tafsiri, ga labarin rasuwar dattawa kullum, yau wane gobe wane. Matasa dai suna da waya suna ta danne-danne, amma dattijon da duk rayuwarsa daga masallaci sai majalisa sai ɗaurin aure da jana'iza, shi kam rana ɗaya aka yanke masa komai. Kuma a lokacin dole ne a killace su ɗin, tunda cutar ta fi kayar da masu shekaru, musamman masu hawan jini da ciwon suga.

To in irin wannan kulle ya sake zuwa, abin farko, ka tsayar da lokacin kira. Ba wai in ka tuna ba, a'a, a ce kullum bayan la'asar kai ne, bayan isha'i ƙanwarka, ku raba a tsakaninku. In Hajiya ta san wayarta za ta yi ƙara ƙarfe biyar, tana da abin jira a ranar. Kuma kira, ba tes ba, da yawansu ido ya yi rauni. Ka sa mata kati, ka adana mata lambobin ƙawayenta da 'yan uwanta na ƙauye, don hirar sa'o'inta daban ce da taka.

In gari ɗaya kuke, je ka gaishe su ka tsaya a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, da takunkumi, da tazara kamar taku biyu uku, ba musabaha. Baba zai ji haushi da farko, ka lallaɓa shi ka ce "Baba don lafiyarku ne, Allah ya ƙara nisan kwana."

Amma inda mutane suka fi yin kuskure shi ne su aika shinkafa da mai su ɗauka shikenan sun gama. Tsoho ba yunwa kaɗai ke damunsa ba, abin da ke cinsa shi ne ya ga ba a bukatarsa. Ka ba su abin yi. Jikoki su kira su biya wa Kaka hadda ya gyara musu, Inna ta yi musu tatsuniya da daddare ta waya, matarka ta tambaye ta yadda ake haɗa yajin daddawa ko da ta iya. Ka nemi shawararsu kan harkar gida kamar yadda ka saba, wallahi wannan ya fi musu buhun shinkafa.

Rediyo kuma a sa masa batir, tafsiri da labaran BBC Hausa ko Freedom suna rage dare. Sai dai a daina tura musu jita-jitar WhatsApp. In abokinsa ya rasu kada a ɓoye har ya ji a bakin wani, a faɗa masa a hankali a haɗa shi da iyalan ya yi ta'aziyya ta waya.

Maganin da suke sha kullum a saya na wata guda a ajiye. In ka lura ya daina cin abinci, ba ya barci, ko ya fara rikicewa a magana, kada ka ce tsufa ne kawai, nemi likita a ranar, balle in da zazzaɓi ko numfashi na sarƙewa.