Yadda ake ba da umarni da Hausa ba tare da an ɓata wa mutum rai ba

In mutum ɗaya kake wa magana, aikatau (kalmar aiki) kawai zaka iya faɗa ba wakilin suna irin su ka ko ki: zo, zauna, tashi, rufe ƙofa. Namiji ko mace duk ɗaya. Amma ka lura da karin sauti, yawanci murya na farawa ƙasa ne ta ƙare sama, shiyasa "tashi" na umarni ya bambanta da na "ya tashi", faɗi su a baki ka ji.

Da sun kai biyu dole ka sa "ku", ku zo, ku zauna. Hani kuma sai da kada ko kar, kuma nan wakilin suna baya faɗuwa, kar ka tafi, kar ki manta, ba a cewa "kar tafi". In umarni biyu ne a jere na biyun shi ke ɗaukar ka ko ki: tashi ka wanke hannu.

Inda nafi damuwa shine wajen manya, wallahi ina jin ciwo in naji yaro ya cewa mahaifinsa "zo" gatsau kamar yana kiran ƙaninsa, alhali ga hanya mai sauƙi, yi amfani da "a": Baba a shigo, a zauna, a yi haƙuri. Ko kace "ku" ko da shi kaɗai ne, ka haɗa da don Allah. Haka a saƙon waya, tunda ba a jin muryarka, "turo min" kan fito da zafi, gara ka rubuta "don Allah ka turo min".