Kurakuran da aka fi yi wajen sayen Camry, tsohuwa ko sabuwa fil

Duk wanda ya tara 'yan kuɗinsa yana neman motar iyali, shawarar da zai fi ji ita ce: sayi Camry ka huta. Ba shawarar banza ba ce, domin motar tana da juriya, kayanta na nan birjik a kasuwa, makanikai sun san ta, in ka gaji da ita kuma ba ta kwana a hannun dillali. Inda ake kuskurewa shi ne ɗaukar cewa duk Camry Camry ce. Tsakanin wadda ake wa laƙabi da Pencil ta 1997 da wadda ta fito a 2025 akwai zubi shida, kowanne da injinsa, da giyarsa, da irin bakin man da yake so, da kuma ciwon da aka san shi da shi. Mutum ya sayi suna, ya kai gida, sai bayan wata biyu ya gane shekarar da ya saya ita ce mai matsalar.

Mu fara da Muscle, ta 2007 zuwa 2011, don ita ce ta fi cin mutane. A ido duk ɗaya suke, sai ɗan bambancin fitilu da bamba. A ƙarƙashin bonet kuwa labarin daban ne. Ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu tana ɗauke da inji 2AZ-FE mai lita 2.4, wanda ya yi ƙaurin suna wajen shan bakin mai saboda yadda aka ƙera fistin da ringinsa. Kamfanin Toyota da kansa ya amsa laifin a Amurka, ya tsawaita garanti a kan matsalar, ma'auninsa kuma shi ne motar da ta shanye kusan lita ɗaya cikin mil 1,200 ta cancanci gyara. Daga 2010 aka sauya zuwa 2AR-FE mai lita 2.5 da giya shida, wanda ba shi da wannan halin. Saboda haka tazarar kuɗin da ke tsakanin ta 2009 da ta 2010 ba son zuciyar dillali ba ne kawai, akwai dalili. In ka ga ta 2008 ta kwanta maka, ba haramun ba ce, amma ka zare sandar bakin mai ka duba, ka sa yatsa cikin bakin salansa ka ga ko zai fito da baƙin maiƙo, ka sa a cire fulogi ɗaya a gani. Ka kuma shafa dashbod, don na wannan zubin yakan narke ya yi danƙo in rana ta gasa shi, har ya riƙa ƙyalli a gilashi yana kashe ido. Mai rufe shi da ƙyalle mai gashi ba lallai ado yake yi ba.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ya fi ba ni haushi, wato sayen fuska. Masu fanel bita sun ƙware: a ɗauko ta 2007 a sa mata fitilu da bamba na 2011, a ce maka ta 2011 ce. Fuskar ta sabunta, injin yana nan yadda yake. Maganin wannan bai kai minti ɗaya ba. Lambar shasi, wadda ake kira VIN, haruffa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Ƙirga zuwa na goma, shi ne shekarar motar. 7, 8 da 9 na nufin 2007, 2008 da 2009. A na nufin 2010, B 2011, C 2012, haka har H ta 2017, sai a tsallake I, J ta zama 2018. Ka gwada lambar gilashi da ta ƙofa da ta takardun kwastan, dole su zo ɗaya. In takardar ƙofa ta ɓace, ko an yi fenti a kanta, ka tambayi dalili, kada kuma ka yarda da amsar farko.

Big Daddy, ta 2002 zuwa 2006, wadda wasu ke wa tsiya da Big for Nothing, ita ma 2AZ-FE gare ta, sai dai nata ciwon daban. Gangar injin ta alminiyom ce, kuma zaren da ke riƙe notocin kan silinda yakan zare, musamman in motar ta taɓa yin zafi. Alamar ita ce ruwa na tsiyaya ta bayan inji, lagireto na raguwa kullum ba a ga inda yake zuba ba. Makanike ya sauya gasket, wata uku abin ya dawo, domin ba gasket ɗin ba ne, noti ne ba ya kamawa. Ana gyarawa ta hanyar dasa sabon zare, amma aiki ne na wanda ya iya. Pencil kuwa, ta 1997 zuwa 2001, bel ne ke juya taimin ɗinta, ba sarƙa ba, don haka tambayar farko ita ce yaushe aka sauya shi. A buɗe murfin zuba bakin mai a leƙa da tocila, in an ga baƙin dasƙararren abu kamar kwalta, an yi ta wasa da sabis.

Sai maganar mita. Yawancin Camry da ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano daga Amurka suka fito, galibinsu ƙirar masana'antar Georgetown da ke jihar Kentucky, kuma mitarsu da mil take ƙirga. Mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, saboda haka 150,000 da ka gani a allo kilomita 240,000 ne da ɗoriya. Wannan in ba a taɓa mitar ba ke nan, alhali mayar da ita baya ba ya wa mai rewaya wuya. Dillali zai ce maka, "Alhaji, wannan wata Hajiya ce ta hau ta, yara kawai take kai wa makaranta." Ka ce to, Allah ya saka wa Hajiya, sannan ka sunkuya ka dubi robar birki. In ta side har ƙarfe ya leƙo, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa, mita kuma na cewa 60,000, ɗaya daga cikinsu na ƙarya, kuma ba robar ba ce.

Abin da ya fi mita muhimmanci shi ne dalilin da ya sa motar ta baro ƙasarta. Da yawa daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, irin su Copart da IAA, wato motocin da aka yi haɗari da su ko ruwa ya ci. Mai haɗari ba lallai a guje ta ba. In bamba da fitila ne kawai suka tafi, an sauya, babu laifi, muddin farashin ya nuna haka. Abin gudu shi ne wadda shasinta ya lanƙwashe aka miƙe da wuta, da wadda jakar iskarta ta fashe aka cusa tsumma aka liƙe. Da lambar VIN ana iya sayen rahoton tarihin mota na kamfanin Carfax, sau da yawa ma in ka rubuta lambar a Google sai hotunan motar a filin gwanjo su fito, ka gan ta yadda take kafin fanel bita ya taɓa ta. Ka naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ka bi ƙofofi da shi, inda ya ƙi kamawa akwai bodi fila mai kauri. Ka dubi notocin da ke riƙe da bonet da fenda, in fentin kansu ya kankare, an taɓa kwance su.

Wadda ruwa ya ci ita ce mai kyan ɗan maciji. Bayan guguwar Harvey da ta mamaye Houston a 2017, motoci masu ɗimbin yawa sun shiga gwanjo, jikinsu sumul babu ko ƙwarzane. Ruwa ba ya nuna kansa ranar ciniki, sai a hankali wayoyi su fara tsatsa a mahaɗarsu, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta rikice, jibi mota ta mutu a tsakiyar titi. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, za ka iya ganin layin laka inda ruwa ya tsaya. Ka tura kujera baya ka dubi ƙarfen da take gudu a kai, ka ɗaga kafet ta gefen ƙofa ka danna soson da ke ƙasa, ka cire safaya ka dubi ramin. Motar da aka yi wa ɓarin turare fiye da kima, ka rufe gilasai ka zauna minti biyar, warin ruma zai fito. In kuma daga jihohin dusar ƙanƙara ta zo, inda ake watsa gishiri a titi, sai an shiga ƙarƙashinta an dubi tsatsa.

Gwajin tuƙi ma ana yinsa ne sama-sama, a zaga layi ɗaya a dawo. Ka nemi a bar maka motar da sanyinta, ka dafa bonet ka tabbatar ba a ɗumama ta kafin ka iso ba, domin ƙarar sarƙa da hayaƙi da safe suke fitowa. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar cek, da ta ABS, da ta jakar iska dole su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an kashe ta ne. A ta 2012 zuwa 2014 akwai wani abu na musamman: ka hau titi mai kyau, ka riƙe gudu tsakanin kilomita 40 da 80 kana taka totur a hankali. In ka ji motar na karkarwa kamar ta hau gargada, tok kwambata ce, abin da ke haɗa inji da giya, sananniyar matsala a waɗannan shekarun. Mai gudu da ƙarfi ba zai taɓa jin ta ba. Daga nan a sa na'urar sikanin, a kuma leƙa a tabbatar abin tace hayaƙin da makanikai ke kira indomi yana nan, don ana fasa shi a sayar tun kafin mota ta iso hannunka.

Wasu kuma suna ganin tsira ita ce sayen sabon zubi. Ta 2018 zuwa 2024 mota ce mai kyau, ta fi na baya riƙe hanya da tsimin mai, amma ba ta yafe sakaci yadda Pencil ke yafewa. Injinta mai lita 2.5 yana fesa mai ta hanyoyi biyu, giyarta takwas, bakin man da aka rubuta mata 0W-16 ne, siriri ƙwarai. Ta fi zama ƙasa, don haka wanda unguwarsa ke da kwazazzabai ya yi tunani. A 2020 an yi kiranyen wasu daga cikinsu saboda famfon mai da ke iya mutuwa ana cikin tafiya, kuma ana iya duba ko an yi wa motar gyaran ta lambar VIN a shafin Toyota. Ta 2025 kuwa a Amurka haibirid ce zalla, wato mai haɗa fetur da lantarki, an daina V6 mai silinda shida. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 haibirid ta fara shiga ran mutane, kuma da gaskiyarsu, musamman mai yawan zirga-zirga cikin gari. Amma kafin ka biya, ka san wanda zai duba maka ita a garinku. Baturinta da iska ake sanyaya shi, ta wata kafa kusa da kujerar baya, kuma ƙurar hunturu na toshe ta in ba a sharewa. Kwamfiresan AC ɗinta na lantarki ne, yana da nasa man daban, mai AC ya zuba na gama-gari ya jawo maka asara.

V6 ma a yi mata adalci. Injin 2GR-FE mai lita 3.5 yana da ƙarfi da ƙarko, a doguwar hanya kamar Kano zuwa Abuja ba ya shan mai yadda ake zuzutawa. A cunkoso ne yake nuna hali, kuma fulogi uku na baya sai an kwance abubuwa kafin a kai gare su. A na farko-farko akwai wani bututun bakin mai da ke da roba a tsakiya, wanda yakan fashe ya zubar da mai gaba ɗaya, daga baya aka maye shi da na ƙarfe. A duba wanne ke jiki.

Akwai kuskuren da ake yi bayan an riga an saya, shi ne miƙa motar ga makanike ya yi mata "gyaran zafin ƙasarmu". A cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a zuba 20W-50 don wai siriri ba ya jure rana. Duk ukun cutarwa ne. Inji da ba ya kai zafin da aka tsara masa yana shan mai fiye da kima, mai kauri kuma ba ya saurin isa ƙananan hanyoyin VVT-i, na'urar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul. Abin da aka rubuta a murfin bakin mai shi za a zuba, 0W-20 ga mai lita 2.5 ta 2010 zuwa 2017. Giyar Muscle da ta waɗanda suka biyo bayanta man giya na Toyota mai suna WS take sha, kuma mai giya shida ba ta da sandar awo, akwai yadda ake auna ta daga ƙasa a wani zafi na musamman, ba da ka ba. Lagireto kuma ruwan sanyaya inji ake zuba masa, ba na rijiya ba.

Takardu su ne na ƙarshe da ake tunawa, alhali su ke raba mutum da mota a hanya. A Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, don haka motar da aka ce ta Kwatano ce, sai an bi takardunta da kyau. Kada ka tsaya a kan kwafin da dillali ya miƙo maka, ka kai lambar takardar ofishin kwastan a tabbatar an biya duti, kuma na wannan motar ne, da shekararta ta gaskiya. Wadda aka hau a gida kuwa, ka nemi ganin mai ita ido da ido, sunan da ke takarda ya dace da katin shaidarsa, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a sauya mallaka a ofishin lasisi kafin a biya cikon kuɗin.