Ka gama waƙarka a situdiyo, to yanzu ta yaya za ta kai kunnen manya?

Tambayar da matasan mawaƙa suka fi yi a nan Tawa da Yamai ita ce wai wa za su bi ya haɗa su da babban kamfani, ko wane furodusa za su tura ma waƙa ya ɗauke su. Ni kuwa a ganina tambayar ce ta zo a juye. Kamfanonin waƙa da masu shirya konsar da ƴan jarida ba sa zama su saurari duk abin da aka zubo masu a WhatsApp, wallahi mafi yawansu ko buɗewa ba sa yi, abin da suke bi shi ne hayaniya, wato waƙar da mutane suka riga suka kama da kansu. Aikinka biyu ne ke nan, ka sa waƙar ta yi tafiya a cikin mutanenka, sannan ka shirya yadda duk wanda ya biyo sawunta zai iske ka cikin sauƙi kuma ya iske takardunka daidai.

Dubi Mdou Moctar, mawaƙi mai gita, ɗan jiharmu ta Tawa ne, daga yankin Cintabaraden da Abalak. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, babu kamfani babu talla, waƙoƙin suka dinga tsalle daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori har suka tsallaka Mali. Can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji ɗaya daga ciki, ya sa ta cikin tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011, amma sai da ya sha nema kafin ya gano mai waƙar, saboda irin waɗannan fayilolin haka suke yawo ba cikakken suna ba lamba. A 2021 kuma sai ga shi ya fitar da album a Matador, babban kamfani na Amurka. Shekara goma sha uku ke nan tsakani, ka riƙe wannan lissafin a ranka duk ranar da ka ji kamar ka gaji.

To mu fara daga fayil ɗin kansa tunda nan ne ake yawan asara. In ka karɓo waƙa daga situdiyo kada ka yarda a ba ka MP3 kaɗai, ka ce a ba ka WAV, shi ne mai cikakken sauti wanda rediyo da tele da masu rarraba waƙa a intanet suke so, a ba ka kuma kiɗan zalla ba murya, ka aje su wuri biyu ko uku don kwamfutar situdiyo tana iya mutuwa gobe. MP3 ɗin da za ka saki ma jama'a kuma ka sa masa suna na kirki, sunanka da sunan waƙar, ba irin "mix final 2" ko "AUD" da dogayen lambobin da WhatsApp ke liƙawa ba. Ka sa hotonka a jikinsa, ka sa lambar waya a jikin hoton, kuma ka ambaci sunanka cikin waƙar ko sau ɗaya ne, wannan tsohuwar dabara ce ta makaɗanmu na gargajiya kuma har yau tana aiki, ko an canza ma fayil suna sau ɗari muryarka tana nan tana faɗin ko kai wane ne. In za ka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin dokima (document), kada ka danna ta kamar saƙon murya, yana matse sautin ya lalata aikin da ka biya kuɗi a kai.

Sai maganar da matasa ba su son ji, BNDA, ofishin kare haƙƙin masu fasaha na Nijar da ke Yamai. Kafin waƙa ta fita ka je ka yi rajista ka ajiye ta da sunanka. Su ne ke karɓar kuɗin amfani da waƙa daga gidajen rediyo da tele da wuraren shagali su raba ma masu ita, ko da abin da zai zo ma bai taka kara ya karya ba a farko, takardar nan ita ce shedarka ranar da wani ya ɗauki amshinka ya rera a wani gari ya ce nasa ne. Kuma tun kuna cikin situdiyo, shayi bai huce ba, ku ɗauki biro ku rubuta wa ya rubuta baiti, wa ya yi kiɗa, wa ya yi amshi, kowa kashi nawa, kowa ya sa hannu. Na san yana da nauyi ka ce ma abokinka na fada ya sa hannu a takarda, zai ce haba ɗan uwa har mun kai haka, amma abota da yawa ta watse ne ranar da waƙa ta yi kuɗi ba ranar da aka rubuta takarda ba. Yarinyar da ta yi maka amshi ma a rubuta sunanta, ana yawan cin haƙƙin mata ta nan kuma bai dace ba ko kaɗan.

Kada ka hau kan kiɗan da ka sauko da shi kyauta daga YouTube in dai da gaske kake. Kiɗan yana da mai shi, na'urar YouTube tana gane shi, ko ta toshe bidiyon ko kuɗin ya tafi aljihun wancan, kuma ba kamfanin da zai taɓa waƙar da ba a san asalin kiɗanta ba.

Yanzu yaɗawa. Mutane suna gaggawar zuwa intanet su manta da ƙafa. A Tawa waƙa tana tashi ne daga gidan biki da fada da wurin masu tura waƙoƙi a memori cikin kasuwa, da ƴan kabu-kabu, da direbobin motocin da ke bin hanyar Konni da Agadas. Ka je wurin mai tura waƙa da kanka, ku gaisa, ka ba shi kyauta ka ce ya sa ma duk wanda ya zo. Ka nemi masu sa kiɗa a biki su biyu ko uku waɗanda kullum suna da aiki, ka ba su, in da hali ka je bikin ka tsaya gefe ka duba da idonka, a wane wuri mata suka tashi, a wane wuri suka koma suka zauna suna danna waya. Wannan kallon ya fi duk wani yabo da abokanka za su yi ma, don abokai ba za su ce waƙarka ta yi tsawo ba, amma filin rawa zai faɗa ma nan take. In ka ga amshi ne ke tada mutane to shi za ka yanka, daƙiƙa 20 ko 30, ka sa a TikTok da status, ka roƙi masu wasan barkwanci da masu kwalliyar amare su ɗora a bidiyonsu. Ba sai ka jira kuɗin babban kilip ba, waya mai kyau da hasken la'asar sun isa a fara.

A intanet ɗin kuma ka fara da inda mutanenka suke kuma inda ba a biya, YouTube da Audiomack da Facebook. Spotify da Boomplay da Apple Music ba a sa waƙa kai tsaye, sai ta hannun masu rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore ko CD Baby, su ne kuma ke ba waƙa lambar shaida da ake kira ISRC wadda ake bin sawunta da ita a duniya. Matsalar a nan biyan yana son katin banki, shi ya sa da yawa ke ba wani ɗan uwa da ke waje ya buɗe masu. In za ka yi haka to imel ɗin ya zama naka, kalmar sirri tana hannunka, don na ga wanda wani mai kiran kansa manaja ya buɗe ma shafi, da suka ɓata ya tafi da shafin da mabiyan da komi, yaron ya koma farawa daga sifiri. Sunanka kuma ya zama iri ɗaya ko'ina, rubutu ɗaya, ba yau da "ou" gobe da "u" ba, wanda ke nemanka daga waje ba zai tsaya yana canke ba. Kuma don Allah kada ka sayi mabiya ko kallo na ƙarya, mai sana'ar nan da ya ga kallo dubu ɗari da sharhi guda biyar ya gane.

Rediyo har yanzu tana da ƙarfi a ƙasar nan fiye da yadda ƴan TikTok ke zato, musamman a ƙauyuka. Muryar Sahel, Anfani, Tenere, Dounia, Saraounia, ga rediyoyin karkara birjik. Kada ka aika ma gidan rediyo haka nan a dunƙule, ka saurara ka gano wane animata ne ke sa irin kiɗanka, a wane shiri, ka je ka same shi da mutunci da kile USB mai ɗauke da waƙar a hannu, ka yi masa ɗan gajeren kirari na shirinsa da muryarka in ya yarda, irin wannan yana sa ya riƙa tuna ka. In ya sa waƙar ka yi godiya a fili a shafinka.

Amma abin da ya fi komi, kuma nan ne nake son ka daɗe kana tunani, shi ne wasa a gaban mutane. Masu ɗaukar mawaƙa zuwa waje ba kilip ɗinka mai mota da hayaƙi suke son gani ba, suna son bidiyon da kake rerawa da bakinka da makaɗa a bayanka, ba a kunna waƙa kana motsa leɓe ba. Ƙungiyar makaɗan Tal National sun yi shekaru suna wasa dare bayan dare a Yamai suna sayar da faifansu da kansu kafin kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da su a 2013. Les Filles de Illighadad daga ƙauye suka fito, da gita da tende, wato kiɗan turmi na Buzaye, a nan jihar Tawa, ga su sun zagaya Turai da Amurka. Bombino na Agadas har takarar Grammy ya shiga. Ba ɗaya cikinsu da ya je da kwaikwayon Legas ko Atlanta, da abin gida suka je. Ban ce kada ka yi rap ko afrobit ba, yi abin da ranka ke so, amma in mai saurare a Abidjan ko Paris yana da mutum dubu masu irin wannan sautin, mi zai sa ya tsaya a kanka? Kalangu da gurmi da goge da duma suna nan, ga karin harshen Adar da ba wanda ke da shi sai mu, ka nemi tsohon makaɗi ka biya shi ya shigo situdiyo, ka zauna ka koya. In kana Yamai ka leƙa CFPM Taya, cibiyar koyon kiɗa ce kuma a nan ne za ka haɗu da makaɗa na gaske, ka bi shirye-shiryen CCOG, cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, duk wani dandali da aka buɗe ma matasa ka hau ko ba a biya. Gasar Dan Gourmou kuma tamu ce, sunan mawaƙin Tawa take ɗauke da shi, duk lokacin da aka buɗe ta ka shiga, ko ba ka ci ba ƴan jarida da manyan mawaƙa sun gan ka.

Sai bayan duk wannan ne za ka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Ka haɗa ɗan kundi: hoto biyu masu kyau, tarihinka a layi biyar ko shida da Faransanci, in ka samu mai fassara ma da Ingilishi ya fi, waƙoƙi uku mafiya ƙarfi ba ashirin ba, bidiyon wasa guda, lamba da imel da kake dubawa kullum. Da shi za ka nemi shiga kasuwannin waƙa irin MASA na Abidjan da Visa For Music na Rabat, suna buɗe neman masu shiga watanni kafin taron, ka riƙa duba shafukansu da na Music In Africa, shafin labaran harkar kiɗa a Afirka, don kada lokaci ya wuce ka. In kuma waƙar Hausa ta soyayya ko ta biki kake yi to kasuwarka babba tana Kano da Kaduna da Sakkwato, haɗa waƙa da mawaƙin can wanda kuke kusan tsara ɗaya ya fi ka kwashe jikkunanka ka ba wani tauraro ya yi ma baiti ɗaya ya manta da kai.

Saƙon da za ka tura ya zama gajere. Sallama, ni wane daga Tawa, ga irin kiɗan da nake yi, na ji aikin da kuka yi da wane shi ya sa na rubuto maku, ga waƙa ɗaya, ga bidiyon wasa, na gode. Shi ke nan. Ban da "ranka ya daɗe a taimaka mani don Allah ni maraya ne", ban da kira ƙarfe ɗaya na dare, ban da tura fayil goma a jere. In sati biyu ko uku suka wuce shiru ka tuna masu sau ɗaya, in shiru ya ci gaba ka bari sai ka yi sabon aiki ka sake turawa.

Ranar da aka amsa kuma kada murna ta sa ka sa hannu a tsaye. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ta Nita ko Al Izza kafin ya sa ka a kamfani ko ya samo ma biza, rabu da shi, kamfanin gaske shi ke kashe kuɗi a kanka. Kwantaragi in ya zo ka karɓa ka tafi da shi gida, ka duba shekara nawa ne, waƙoƙi nawa, ƙasashe nawa ya shafa, kashi nawa ne naka kuma bayan an cire mi, sannan waƙoƙin za su dawo hannunka in wa'adi ya cika ko sun tafi ke nan har abada. In Faransancin ya yi ma nauyi ka kai ma lauya ko wani tsohon mawaƙi da ya taɓa sa hannu a irinsa, ko ka je BNDA ka tambaya, kuma ka karɓi kwafinka mai sa hannun ɓangare biyu kafin ka miƙa masu WAV ɗin.