Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Koyon Jawabi a Unguwa da Yadda Ake Adana Tarihinta

A ranar 22 ga Oktoba, 1924, wasu 'yan tsirarun maza suka taru a ginin YMCA, ƙungiyar samari Kiristoci, da ke garin Santa Ana a jihar Kalifoniya ta Amurka, bisa gayyatar wani ma'aikacin wurin mai suna Ralph Smedley, domin su koyi tsayuwa gaban jama'a su yi magana ba tare da harshe ya sarƙe ba. Daga wannan zama ne ƙungiyar Toastmasters International ta samo asali, wadda a yau take da rassa a ƙasashe fiye da 140. Sai dai ba a nan Smedley ya fara ba. Tun a 1905 ya kafa irin wannan ƙungiya a garin Bloomington na jihar Illinois, ya kuma sake kafa wasu a garuruwan da aiki ya kai shi, amma kowace ɗaya takan dusashe bayan an yi masa canjin wurin aiki. Duk wanda yake son kafa ƙungiyar koyon jawabi a unguwarsu ko a makarantarsu, ya kamata ya riƙe wannan a zuciya tun kafin zama na farko, domin dukkan matakan da ke tafe manufarsu ɗaya ce: kada ƙungiyar ta rataya a wuyan mutum guda.

Abu na farko shi ne mutane. Toastmasters ba ta ba sabon reshe takardar amincewa sai ya tara mambobi 20, kowannensu ya kai shekara 18, kuma akwai hikima a wannan adadi, saboda a kowane zama wasu za su yi tafiya, wasu za su je biki ko gaisuwar rasuwa, alhali ana bukatar aƙalla mutum goma kafin ayyukan ranar su rabu yadda ya kamata. Ba dole ba ne ku yi rajista da uwar ƙungiyar, musamman da yake ana biyan kuɗin mamba da dala, amma tsarinta abin aro ne ga kowa. A nemi mutane mabambanta, malamin makaranta da tela da ma'aikaciyar jinya da ɗalibi da ɗan kasuwa, kuma a fi ba da ƙarfi wajen jawo masu jin kunyar magana, domin dominsu aka yi abin. Idan ƙungiya ta cika da waɗanda dama can bakinsu a buɗe yake, nan da nan za ta koma majalisar hira.

Wuri ba ya bukatar tsada. Ajin firamare bayan an tashi, ko ɗakin taron unguwa, ko zauren wani dattijo ya isa, muddin akwai wurin da mai jawabi zai tsaya kowa ya gan shi. A tsayar da rana da lokaci ɗaya, misali kowace Asabar bayan La'asar a tashi kafin Magariba, kuma a fara a kan lokaci ko da mutum biyar ne suka iso.

Tsarin zaman shi ne zuciyar al'amarin, kuma a nan ne ya kamata a fi natsuwa. Ana raba shi kashi uku. A kashi na farko mutum biyu ko uku da aka sanar da su tun mako guda kafin ranar za su gabatar da jawabin da suka shirya. Jawabin sabon mamba na farko a kansa yake yin sa, ya faɗi ko shi wane ne, inda ya taso da abin da yake yi, cikin minti 4 zuwa 6, domin babu batun da mutum ya sani kamar rayuwarsa. Sauran jawabai minti 5 zuwa 7 ne, kuma kowanne da abin da ake son a koya a cikinsa: wannan tsara gabatarwa da gundarin magana da kammalawa, wancan sarrafa murya, na gaba amfani da hannu da ido, wani kuma kafa hujja. Tsohon littafin koyarwar Toastmasters jawabai 10 ya ƙunsa a matakin farko, kuma ƙungiyar unguwa za ta iya zana nata goman a takarda ɗaya ta raba wa kowa.

Kashi na biyu na maganar ba-zata ne. Wani mamba zai zo da tambayoyi a rubuce, ya jefa tambayar tukuna sannan ya kira suna, wanda aka kira ya miƙe ya yi magana ta minti 1 zuwa 2. A ganina wannan ne ya fi amfani ga yawancin mutane, saboda a rayuwa ba kasafai ake ba mutum mako guda ya shirya ba. A wurin walima ko taron iyayen yara da malamai ake miƙo masa lasifika kawai a ce ya ce wani abu. Tambayoyin su kasance masu sauƙi, kamar abin da mutum zai gyara a layinsu da an ba shi dama, kuma a nisanci siyasar jam'iyya da saɓanin aƙida, domin su ne suka fi saurin tarwatsa taro.

Kashi na uku na sharhi ne, kuma ƙungiya tana rayuwa ko mutuwa a kansa. Kowane mai jawabi yana da mai sharhi guda, wanda zai yi minti 2 zuwa 3 yana faɗin abin da ya yi kyau, sannan gyara ɗaya ko biyu, sannan ya rufe da ƙarfafa gwiwa. Cewa "jawabinka ya yi kyau, Allah ya ƙara basira" addu'a ce mai daɗi, amma ba ta koya wa kowa komai. Mai sharhi na gari zai ce: "Malam, labarin da ka buɗe da shi ya kama mu, amma da ka zo kan hujjarka ta biyu sai ka sunkuyar da kai kana kallon takarda, na baya ba su ji ka ba, a karo na gaba ka haddace wannan wurin." A wurinmu akwai nauyin da ƙarami yake ji wajen gyara wa babba, saboda haka ya kamata dattijon da ya fi kowa shekaru ya fara neman matashi ya yi masa sharhi a gaban kowa, ya kuma gode masa. Da zarar an ga haka sau ɗaya, hanya ta buɗe.

Akwai ƙananan ayyuka da suke riƙe zaman. Mai kula da lokaci yana zaune a inda mai jawabi zai gan shi da kwali uku a hannu: a jawabin minti 5 zuwa 7, ya ɗaga kore a minti 5, rawaya a minti 6, ja a minti 7. A gasar Toastmasters duk wanda ya wuce minti 7 da daƙiƙa 30 an cire shi, komai daɗin jawabinsa. Wani kuma aikinsa ƙirga kalmomin cike giɓi, irin su "wato", "ka gane", "to" da "e...", ya karanta wa kowa adadinsa a ƙarshe, kuma mutane da yawa sai a ranar suke sanin cewa suna da wannan ɗabi'a. Na uku yana lura da nahawu, ya kawo kalma ko karin magana guda da za a yi ƙoƙarin amfani da ita a ranar. Idan da Hausa ake zaman, shi ne zai nuna inda aka cusa Turanci alhali akwai kalmar gida. Dukkan waɗannan ayyuka, har da jagorancin zaman kansa, dole ne su riƙa zagayawa mako-mako, ta yadda cikin 'yan watanni kowane mamba ya taɓa riƙe kowanne.

Haka ma shugabanci. Reshen Toastmasters yana da jami'ai bakwai, shugaba da mataimaka uku masu kula da koyarwa da mambobi da hulɗa da jama'a, da sakatare da ma'aji da mai shirya wurin taro, kuma ana sabunta su ta hanyar zaɓe. Wanda ya kafa ƙungiya ya sauka bayan shekara ɗaya ya koma mai ba da shawara, ko da ana roƙonsa ya zarce. Kuɗin karo-karo ya zama kaɗan, a rubuta shigarsa da fitarsa, a karanta a bainar mambobi.

Batun mata a yanke shi tun da wuri. Toastmasters ta shafe kusan shekara 50 ba ta karɓar mata, har sai a 1973. Helen Blanchard ta shiga a 1970 da sunan namiji, Homer, a takardun rajista, kuma a 1985 ita ce ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar ta duniya baki ɗaya. Inda zaman gauraye zai hana wasu zuwa, a buɗe wa mata nasu zaman da nasu jami'ai, a lokacin da ya dace da hidimarsu, a bisa tsari iri ɗaya.

Sai adana tarihi, wanda ake farawa daga ranar farko. Sakatare ya tanadi babban littafi mai kauri, a kowane zama ya rubuta kwanan wata da lambar zaman, sunayen mahalarta da baƙi, wanda ya yi jawabi da kan maganarsa da tsawon lokacin da ya ɗauka, da wanda ya riƙe kowane aiki. Rukunin WhatsApp yana da amfani wajen sanarwa, amma waya tana ɓata ko ta lalace, saboda haka ba ya maye gurbin littafin.

Daga wannan littafi ake gane nasara. Kofi da lambar yabo suna da daɗi, kuma gasar duniya ta Toastmasters, wadda aka fara a 1938, ta fito da mutane irin su Mohammed Qahtani na Saudiyya, wanda ya yi fama da in'ina a ƙuruciya ya kuma lashe ta a 2015, da Verity Price ta Afirka ta Kudu da ta lashe a 2021. Amma ita kanta uwar ƙungiyar da maƙasudai 10 take auna rassanta duk shekara, kuma sun shafi yawan mambobin da suka kammala matakan koyo, sababbin da aka samu, horar da jami'ai da biyan kuɗi a kan lokaci. Ƙungiyar unguwa ta yi irin wannan lissafi a ƙarshen kowace shekara: mutum nawa ne suka yi jawabinsu na farko, nawa suka kai na goma, nawa suka daina zuwa kuma me ya hana su. A rubuta har da abin da ya faru a waje, kamar mambar da ta yi bayani a taron asibiti ko matashin da ya tsallake ganawar neman aiki, da izininsu.

Idan lokacin rubuta tarihin ya zo, a cikar shekara biyar ko goma, a naɗa mutum biyu su bi littattafan shekara-shekara, su zauna da waɗanda aka fara da su ɗaya bayan ɗaya, su ɗauki muryarsu. Inda tunanin mutum ya saɓa da abin da ke rubuce, a bi rubutun. Kada a tsallake shekarun da mahalarta suka ragu ko aka rasa wurin zama, a bayyana dalili da yadda aka farfaɗo, domin jami'ai masu zuwa sun fi bukatar wannan shafi. Kowane hoto a rubuta masa kwanan wata da sunayen waɗanda ke ciki, a yi kwafi biyu na komai a ajiye a gidaje daban-daban, kuma a ranar miƙa mulki tsohon sakatare ya damƙa wa sabo littafin a gaban mambobi, su biyun su sa hannu.