Yadda mai ciwon suga zai samu sahihin bayani a Gombe

Da zarar an ce wa mutum yana da ciwon suga, shawarwari kan yi masa rubdugu. Wannan ya ce ka bar shinkafa, wancan ya ce ka jiƙa shuwaka, wata 'yar'uwa ta turo saƙon murya ta WhatsApp. Duk don ƙauna suke yi. Amma ciwon suga nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, ciwo ne da ake zama da shi shekara da shekaru, kuma gurguwar shawara tana iya taɓa ido, ƙoda ko ƙafa.

Fara da wanda ya ga sakamakon gwajinka, domin bayaninsa ne kaɗai aka ɗinka daidai jikinka. Je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ka tambaya a wajen yankar kati wace rana ake ganin masu suga. Layi na da tsawo, lokacin likita kuma kaɗan ne, saboda haka rubuta tambayoyinka tun daga gida. Nawa ya kamata sugana ya nuna da safe kafin karyawa? Yaushe zan yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance cikin kusan wata 3? Maganin sugan nan na Metformin kafin abinci zan sha ko tare da shi? Idan Turanci ya yi yawa, ce masa, "Likita, don Allah a yi mini da Hausa." Ba abin kunya ba ne.

Kada ka fita sai ka roƙi a haɗa ka da masanin abinci. Nan ne aka fi yin sakaci, kuma abin yana damuna. "Rage tuwo" ba bayani ba ne. Malmala nawa, kuma mai wane girma? Furar da ake damawa da rana fa, da kunun safe? Wasu kan koma tuwon alkama ko acha su cika kwano, suna ganin sun tsira, alhali su ma suna ɗaga suga idan aka ci da yawa. Faɗa wa masanin abincin ainihin abin da ake dafawa a gidanku, a kai uwargida ko duk mai girkin ta ji da kunnenta.

Daga nan sai na'urar gwaji da ɗan littafi. Rubuta rana, lokaci, abin da ka ci da lambar da ta fito. Lura da ma'aunin: wata na'urar tana nuna 126, takardar asibiti ta nuna 7, kuma duk abu ɗaya ne, don ana raba ta farkon ne da 18. Rashin sanin wannan ya sha tayar wa mutane hankali a banza.

Sai rediyo da intanet. Shirye-shiryen lafiya na sashen Hausa na BBC da na gidajen rediyon jiha suna da amfani idan an faɗi sunan likitan da inda yake aiki. Shafin Hukumar Lafiya ta Duniya abin dogaro ne, ko da yake sai an samu mai fassarawa. Akwai kuma Ƙungiyar Masu Ciwon Suga ta Nijeriya, tambayi nas ko tana da reshe kusa da kai. Ranar 14 ga Nuwamba ita ce ranar ciwon suga ta duniya, a saurari sanarwar gwaji da faɗakarwa a lokacin.

Duk abin da ka gani a Facebook ko TikTok, duba abu biyu: wa ke magana, kuma me yake sayarwa? Wanda ya yi alkawarin warkewa kwata-kwata cikin mako biyu, ko ya ce ka ajiye maganin asibiti, rabu da shi. Lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ba shaidar yana warkar da suga ba ce. Idan kana shan wani jiƙo, kai shi gaban likita ya gani.

Maganar azumin Ramadan a yi ta da likita tun watan Sha'aban, don a gyara lokutan shan magani. Idan kuwa jiki ya kama rawa da gumi, na'ura ta nuna ƙasa da 70 (wato 3.9 a ɗaya ma'aunin), sha abu mai zaƙi nan take. Gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa kuma ba na bincike a waya ba ne, asibiti za a nufa a ranar.