Laftop na zaune ba a komai amma fanka na ta ƙugi: duba nan kafin a yi mata fomatin

Laftop ɗin ƙanwata ce ta sa na rubuta wannan, HP ce tokumbo da aka saya mata nan Jos don makaranta, da daddare kowa ya kwanta sai ka ji fankarta na ƙugi kamar injin markaɗe alhali ba a buɗe komai ba, ƙasanta zafi rau ba ta ɗoruwa a cinya, in an ɗauke wuta kuma batir ko awa 1 ba ya kaiwa. Ta kai wa wani mai gyara, ko kunna ta bai yi ba ya ce sai fomatin. Wlh raina ya ɓaci, don duk aikinta na shekarar ƙarshe yana ciki.

To dan Allah kafin ka yarda a goge maka komai, fara gano wa ke cinye furosesar tukuna. Ka kunna ta ka ƙyale ta minti 10 zuwa 15 ta gama farkawa, sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, sai ka danna kan CPU (wato furosesa) a sama ya jera maka manhajojin da ke aiki daga babban maci zuwa ƙasa. Kwamfutar da ke zaune lafiya yawanci ba ta haura kashi 10 cikin 100. In ka leƙa Details ka ga System Idle Process yana 90 da wani abu kar gabanka ya faɗi, wannan ragowar ƙarfin da ba a taɓa ba ne, yawansa alheri ne.

In sunan da ke sama Windows Modules Installer Worker ne, to ofdet take yi. Mu nan saboda tsadar data sai a yi wata 3 ba a haɗa ta da intanet ba, ranar da ta samu wayifai sai ta kwaso bashin duka lokaci guda. Sa ta a caji ka bar ta ta gama, sannan ka yi ristat. Antimalware Service Executable kuma Defender ne, antibairos ɗin da ke zuwa da Windows, ke bincike, shi ma zai lafa da kansa. Abin da ba ya lafawa shi ne antibairos biyu a kwamfuta ɗaya, an sayo ta da guda mai gyara ya ƙara wani, kowanne na binciken abin da ɗayan ya taɓa. Cire su, Defender ɗin da ke cikin Windows 10 da 11 ya ishi kwamfutar gida.

Chrome ne? Kana cikinsa ka danna Shift da Esc, zai nuna maka shafi ko ƙaramar manhajar da aka ƙara wa Chrome (extension) da ke ci, ka rufe shi ko ka cire. System interrupts kuma yawanci direba ce (manhajar da ke haɗa Windows da kayan kwamfutar) ko wani abu da aka jona, zare filas da modem da linzami ɗaya bayan ɗaya kana kallon lambar.

Ta ƙanwata ba ko ɗaya a ciki. Ina buɗe Task Manager sai lambar ta faɗo, fanka ta yi tsit, ina rufewa bayan ɗan lokaci ƙugi ya dawo, na yi haka sau 3 ina zaune a kan tabarma kunnena na jikin laftop ɗin. Akwai bairos masu haƙar kirifto da furosesar mutum, wasunsu in suka ga an buɗe Task Manager sai su laɓe. Da na matsa mata da tambaya ta ce wata ƙawarta ta tura mata manhajar gyaran hoto ta kirak (wadda aka fasa don kar a biya kuɗi) a filas, ta nan ya shigo. Na cire manhajar, na shiga Windows Security, Virus & threat protection, Scan options, na zaɓi Microsoft Defender Offline scan, shi wannan yana kashe kwamfutar ya yi binciken kafin Windows ta gama tashi don haka ɓarawon ba ya samun damar ɓuya, kamar minti 15 yake ɗauka. Bayan nan na shiga Startup a cikin Task Manager na kashe duk abin da ba ta buƙatar ya tashi da kwamfutar. Ko fayil ɗaya nata bai ɓata ba.

Saura guda. In lambar CPU tana ƙasa amma fanka na ihu, to ba manhaja ba ce, ƙura ce, kuma kun san yadda ƙurar hunturu take shiga ko'ina a garin nan, tana toshe hanyar iska kamar auduga. A nan ne kake buƙatar mai gyara, ka ce masa ya buɗe ya share fankar ya canza man da ake shafa wa furosesa, ka tsaya a wajen ana yi. In ka dawo da ita gida kuma ka daina ɗora ta a kan katifa ko bargo, ko tiren shayi ne sa mata a ƙasa iska ta samu hanya.